Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Baba Ba Ya Bin Shawarar Malamin Gona?

TAMBAYA: Ni mazaunin Ƙofar Kuyambana ne a birnin Zariya. Na gama karatun aikin gona, yanzu ina ɗan taimaka wa wata ƙungiya mai wayar da kan manoma. Abin da ke damuna a gidanmu ya fara. Baba yana da gona a bayan ganuwa, kuma tun ina yaro abu ɗaya yake yi: gero da dawa da wake a gona guda. Na kawo masa ingantaccen irin masara, na ce ya shuka ta zalla, ya zuba taki yadda aka koya mana. Ya karɓa ya sa albarka, sannan ya shuka ta a ɗan gefen gona ya ci gaba da abinsa. Da kaka kuma yakan sayar da buhuna a lokacin da hatsi ya fi araha. Bana ma ya rage 'yar masarar da yake yi. Haka nake fama da sauran manoma. Shin rashin ilimi ne ko taurin kai? In manoma ba sa jin shawara, ta yaya gwamnati za ta tsara abin da zai wadata ƙasa da abinci?

Daga wani matashi, Ƙofar Kuyambana, Zariya

AMSA: Ba zan rufe maka baki da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Karatun da ka yi karatu ne na gaske, kuma akwai abubuwan da ka sani waɗanda Baba bai sani ba. Amma abin da kake gani a wurinsa ba rashin ilimi ba ne, ba kuma taurin kai ba. Lissafi yake yi, sai dai abin da yake ƙirgawa ya fi wanda aka koya maka yawa. Kuma tambayar nan taka an yi ta a Samaru kusan shekara sittin da suka wuce, aka je ƙauyukan da ke kewaye da Zariya aka samo amsarta.

Tashar binciken aikin gona ta Samaru ta fara aiki a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ake kira IAR a yau. Shekara da shekaru shawararta ga manomi ita ce irin wadda ka kai wa Baba: amfani ɗaya a gona ɗaya, a layi, da taki, a kan lokaci. Yawancin jami'an gona na wancan zamani suna kallon haɗa shuka a matsayin ci baya da zai gushe in kai ya waye. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman ya zo Samaru, ya kafa sashen nazarin tattalin arzikin karkara. Maimakon ya tsaya a gonar gwaji, sai ya zaɓi ƙauyuka uku, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ya aje ma'aikata a cikinsu a 1966 zuwa 1967. Suna bin gidaje a kai a kai har shekara ta zagayo, suna rubuta wanda ya je gona, aikin da ya yi, awa nawa ya yi, abin da aka kashe da abin da aka girbe. Hanwa tana bakin gari, Doka tana kan hanyar Kano, Ɗan Mahawayi kuwa tana can ciki inda mota ke wahalar shiga da damina. An zaɓe su haka ne don a ga ko kusanci da kasuwa yana canza halin manomi.

Abin da suka gano ya ba mutane da yawa mamaki a lokacin. Mafi yawan ƙasar da ake nomawa haɗe-haɗe ce, gero da dawa sun fi yawa. In ka auna gero shi kaɗai a irin wannan gona, bai kai na gonar gero zalla ba, haka ma dawa. Amma in ka tara duk abin da ya fito daga eka ɗaya ka yi masa kuɗi, gonar haɗe-haɗe ce ke gaba. Sannan ta fi biyan wahalar da aka yi mata a watannin da aiki ya fi tsanani, kuma abin da take bayarwa bai cika hawa da sauka daga shekara zuwa shekara ba. Norman ya wallafa wannan a 1974, daga baya shi da Emmy Simmons da Henry Hays suka fitar da littafi a 1982 kan tsarin noma a wannan yanki namu. Aikin nan yana cikin waɗanda suka sa cibiyoyin bincike na duniya suka fara kallon gona da gida da kasuwa a matsayin abu ɗaya kafin su ba da shawara. Abin da ke ci mini rai shi ne a Zariya aka yi shi, amma ɗalibai da yawa na gama karatun noma a Zariya ba su taɓa jin labarinsa ba.

Ka tsaya ka dubi gonar Baba da idon mai lissafi. Ruwan farko na sauka a watan Mayu, ya shuka gero, domin gero ba ya jira kuma yana jure ɗan tsaikon da ruwa kan yi a farkon damina. Bayan mako biyu ko uku, ƙasa ta sha sosai, sai ya bi tsakani da dawa. Gero ya yi sauri ya rufe ƙasa, ciyawa ta rasa sarari, dawa tana biye a hankali. Wajen ƙarshen Yuli zuwa Agusta ya sa wake a ƙarƙashinsu. A Agusta gero ya nuna, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma tiya ta fi tsada a kasuwa, sai gida ya samu abin tuwo da fura. An cire gero, rana ta buɗe wa dawa da wake. Dawa ta ci gaba da shan ragowar danshi har Nuwamba ko Disamba, wake ya yaɗu ya lulluɓe ƙasa ya kuma bar mata ɗan ƙarfi. Huɗa ɗaya, noma ɗaya, amfani uku, kowanne da lokacinsa. Wannan tsari ne da aka daɗe ana gyara shi, hannu zuwa hannu.

Babban abin da ke ɗaure manomi a nan yankin ba faɗin ƙasa ba ne kaɗai, hannun aiki ne a Yuni da Yuli. A cikin waɗannan makonni ake son firi, ake son maimai, ake son huɗa, ake son zuba taki, duk a tare. A lokacin ne kuɗin ƙwadago ke tashi, a lokacin ne kuma aljihu ya fi bushewa. Duk shawarar da ta ƙara aiki a waɗannan makonni, komai kyawunta a takarda, manomi zai auna ta da abin da zai bari don ya yi ta. Labarin auduga ya nuna haka. Samaru ta ce a shuka auduga a tsakiyar Yuni, zalla, a yi mata feshi sau da yawa, kuma gaskiya ne hakan ya fi ba da amfani. Manoma kuwa sai Yuli suke shukawa, bayan sun kammala da hatsi. Da aka bi su a yankin Daudawa a farkon shekarun 1970, sai aka ga dalilin a fili: ba za su bar gero da dawa ciyawa ta cinye don auduga ba, sannan injin feshin da aka kawo yana buƙatar ruwa mai yawa da sai an ɗauko a ka zuwa gona. Masu binciken ne suka gyara, suka nemi shawarar da ta dace da audugar Yuli da ƙaramin injin feshi mai cin ruwa kaɗan.

Tun kafin nan ma an yi irin wannan. Lokacin da Turawa suka ja layin dogo ya isa Kano a 1911, auduga suke hange don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba suka ga masaƙan gida sun fi kamfanin Turawa sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa ta fi kuɗi, ba ta cinye ƙasa, kuma in shekara ta ɓaci ana iya cin ta. Daga 1912 gyaɗa ta cika tashar jirgin Kano, har aka kai ga dalar gyaɗa da sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da ita. Babu malamin gonar da ya umarce su.

Sai batun shekarar da ba ta zo da kyau ba. Kai an koya maka ka duba abin da iri ke bayarwa a matsakaiciyar shekara. Baba yana duba abin da zai rage masa a mafi munin shekara, domin wanda ke ciyar da mutum goma ko fiye ba ya iya cewa bana an faɗi, baɗi a mayar. In rumbu ya ƙare a Yuli, akuya za ta tafi, daga nan keke ko babur, daga nan a jinginar da gona, kuma gonar da aka jinginar ba kullum take dawowa ba. Mutanen zamaninsa sun ga farin 1973. Sun ga 1975, lokacin da cutar kuturtar gyaɗa ta share gonaki a faɗin Arewa, waɗanda suka dogara da gyaɗa kaɗai suka tashi hannu wofi. Sun ga tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016. Wanda ya ga waɗannan zai yarda ya rage riba kaɗan kowace shekara don kada shekara ɗaya ta kwashe shi gaba ɗaya. Manomin Amurka yana sayen inshora don wannan. Baba ba shi da kamfanin da zai biya shi, shi ya sa yake shuka tasa inshorar a cikin kunya.

Akwai kuma abin da sikelin gonar gwaji ba ya aunawa. Ana auna ƙwaya, a bar sauran. Amma karan dawa shi ne danga, shi ne makamashi, ganyensa abincin dabbobi ne, shi ya sa gajeriyar dawa mai yawan ƙwaya ba ta kori farafara da doguwar kaura daga gonaki ba. Harawar wake da ta gyaɗa, wadda ake naɗewa a ɗora a kan soro ko a reshen bishiya, ita ke riƙe tumaki har bazara, kuma a ƙarshen rani kuɗinta ba wasa ba ne. Irin waken zamani na farko da aka kawo yana tsaye, yana ba da ƙwaya, ba ya ba da harawa, kuma sai an yi ta feshi. Manoma suka riƙe kanannado. Sai da masu bincike na cibiyar IITA a Kano, ƙarƙashin B. B. Singh, suka koma neman wake mai ba da ƙwaya da harawa tare, sannan aka ga karɓuwa. Kada kuma ka manta da cikin gida. Emmy Simmons ta zauna da matan waɗancan ƙauyuka uku, ta ga kusan kowace tana da sana'arta, ƙuli-ƙuli ko fura ko ƙosai ko daddawa, da jarinta daban da na mai gida. Irin da tuwonsa ba ya kwana, ko wake mai wuyar dahuwa, ko gyaɗa marar mai, Inna ce za ta yanke masa hukunci, kuma baɗi ba za ka gan shi a gona ba. Malamin gonar da bai taɓa tambayar mata ba ya ji rabin labari ne.

Kada wannan ya sa ka ɗauka manomi ba ya son sabon abu. Masarar da kake magana a kai ita ce shaida. Kafin shekarun 1970 masara a ƙasar Zazzau abar bayan gida ce, ana shuka ta inda ake zubar da shara da toka, a gasa a ci da damina. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. Aka kawo farar masara mai suna TZB daga IITA, aka buɗe wuraren sayar da taki kusa da ƙauyuka, gwamnati ta ɗauke mafi yawan kuɗinsa, aka yi hanyoyin karkara, 'yan kasuwa daga Kudu suka fara zuwa saye. Cikin shekara goma zuwa goma sha biyar masara ta zama babban amfanin gona daga Funtua zuwa Giwa zuwa Soba zuwa Saminaka, tuwon masara ya shiga gidajen da ba su san shi ba. Mutanen da ake cewa ba sa jin shawara su ne suka yi wannan. Abin da ya canza shi ne iri da taki da hanya da mai saye sun haɗu a lokaci ɗaya, lissafi ya fita.

Lissafin nan ne kuma ya sa Baba ya rage ta bana. Shawarar da aka saba bayarwa ga hekta ɗaya ta masara a yankinmu ta kai buhu 8 na kamfa da kusan buhu 3 na yuriya. Manomi ba ya tambayar farashin taki shi kaɗai, tambayarsa ita ce buhun masara nawa zai sayar ya sayi buhun taki ɗaya. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin taki da na feshi da na mota suka tashi. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 don sauƙaƙa wa masu saye. Hatsi ya sauko, taki bai sauko ba. A daminar 2025 manoma da yawa a Kaduna da Katsina da Kano suka rage masara suka koma dawa da gero da waken suya, waɗanda ba su da cin taki. Masara ba ta yafiya: in ba ka ba ta taki a kan lokaci ba, ta yi ja ta tsaya, ƙuduji ya gama da ita. Dawa kuwa ko ba yawa za ta ba ka wani abu. Binciken Saweda Liverpool-Tasie da abokan aikinta ya nuna cewa a wurare da dama a Nijeriya ƙarin takin da ake cewa a zuba wa masara ba ya mayar da kuɗinsa, saboda ƙasa ta gaji kuma kuɗin ɗauko takin ya yi yawa. Ka zauna da Baba da biro da takarda, ka sa farashin bana, mai yiwuwa ka tarar ya riga ka isa inda lissafin ya tsaya.

Game da sayar da hatsi da kaka, Baba ya san farashi zai tashi a bazara, ya fi ni da kai sani. Amma da kaka ne duk wanda ke binsa yake zuwa. Mai taki da ya ba shi bashi, 'yan ƙwadago, kuɗin makaranta, bikin da aka ɗaga sai an yi girbi, ga zakka. Wasu ma tun damina sun karɓi kuɗin ba-da-kaka, sun sayar da buhun da bai nuna ba a kan rabin darajarsa. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna yadda wannan ke raba manoma gida biyu a ƙauye ɗaya. Mai ƙarfi yana saye da kaka ya ɓoye. Marar ƙarfi yana sayarwa da araha, ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada a damina, kuma don ya samu kuɗin sai ya tafi ƙwadago a gonar wani a makonnin da tasa gonar ke neman firi. Gonarsa ta ba da kaɗan, shekara ta sake zagayowa a haka. Saboda haka duk tsarin da ya ce "manoma" kamar mutum ɗaya ne, ya riga ya kuskure. Mai hekta ashirin da tarakta da mai eka biyu da fartanya ba abu ɗaya ke hana su barci ba.

An gwada magunguna, kuma waɗanda suka yi aiki su ne waɗanda suka taɓa ainihin matsalar. A Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka fara wani tsari: manoma su tara hatsinsu a sito ɗaya da kaka, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiyarsu, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba su rance a kan hatsin su biya buƙata ko su yi sana'ar rani, in farashi ya tashi a buɗe sito, su biya, ribar ta zama tasu. Sai buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta haɓaka tare da masu bincike na Maraɗi, aka fara yaɗa shi a 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure ta ciki, a ɗaure ta biyu, a ɗaure na waje, kowanne daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar su mutu, ba a sa magani ko ɗigo ba. A ƙauyuka an rufe buhuna a gaban jama'a, bayan watanni aka buɗe a gabansu, gani ya kori ji. A yammacin Kenya kuma Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun gwada sayar wa manoma taki nan da nan bayan girbi, lokacin da kuɗi ke hannu, a kai musu har gida kyauta. Wannan ɗan sauƙi ya ƙara yawan masu amfani da taki kusan daidai da rage rabin farashi a lokacin shuka. Lokacin da aka kawo abu yana iya fin yawan tallafin da aka sa a kansa tasiri.

Ban ce duk abin da manomi ya yi daidai ne ba, kuma a nan ne iliminka yake da babban amfani. Barbaɗa yuriya a saman ƙasa ba a rufe ba asara ce, rana da ruwa ke kwashe ta. Sake shuka 'ya'yan masarar aure shekara bayan shekara yana rage amfani. Zuba maganin feshi a cikin waken da za a ci haɗari ne ga rai, kuma shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Yin feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, da barin ƙuduji ya yi fure ya zubar da iri, duk abubuwa ne da ya kamata ka tsaya a kansu ba sassauci. Akwai kuma sababbin abubuwa da suka cancanci a gwada, kamar waken SAMPEA 20-T da IAR ta fitar a Disamban 2019 ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda ke rage yawan feshi zuwa kamar sau biyu. Waken da aka sauya wa ƙwayar halitta ne, akwai masu adawa da hakan, kuma haƙƙin manomi ne a gaya masa wannan kafin ya zaɓa.

Ka ce Baba ya shuka irinka a ɗan gefe. Wannan ba ƙi ba ne, gwaji ne. Ya ba ka filin da ko an yi asara ba za ta taɓa tukunya ba, yana kallo. Ka kula da wannan gefen kamar yadda za ka kula da aikin jarrabawa. Ka rubuta kowace naira da kowace ranar aiki, naka da nasa, da kaka ku auna tare har da kara da harawa. In zai yiwu ka gwada abin da ke shiga tsarinsa maimakon ya rushe shi, kamar layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake da aka gwada a Kano da Kaduna. Kuma kafin ka ce wa kowane manomi "yi kaza", ka tambaye shi abin da ya sa yake yin wanda yake yi, wa zai yi aikin, da wane kuɗi, a wane mako, sannan me zai faru da gidansa in ruwa ya ɗauke mako uku.

Waɗannan tambayoyi su ne gwamnati ma ya kamata ta yi, ita ce amsar rabin tambayarka na biyu. Mun ga shirin Ciyar da Ƙasa na Obasanjo a 1976, da na bunƙasa noma na Shagari a 1980. Mun ga Bakolori, inda aka yi madatsar ruwa a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka karɓe gonaki aka tsara wa mutane abin da za su shuka ba tare da an saurare su ba, har rikicin diyya ya kai ga zubar da jini a Afrilun 1980. A 2012, zamanin minista Akinwumi Adesina, aka kawo tsarin aika wa manomi saƙo a waya ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. Ya rage hannun 'yan tsakiya, amma inda takin ya iso bayan masara ta wuce lokacinsa, amfaninsa ya ragu. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya fitar da fiye da naira tiriliyan ɗaya, kaso mai yawa bai dawo ba. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 don a kare manomin gida, shekara biyar bayan haka aka buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji. Mutumin da ke yanke shawara a Mayu kan abin da zai sayar a Disamba yana buƙatar ya san dokar da za ta same shi a Disamba. Ni a ganina, da gwamnati za ta riƙa bayyana matsayinta kan shigo da hatsi kafin ruwan farko ta kuma tsaya a kai, ta tabbatar taki ya isa kasuwannin ƙauye tun Afrilu, da ta yi wa manomi abin da ya fi rabon kayan tallafi a gaban kyamara.

Maraɗi ta nuna abin da gyara doka ɗaya ke iya yi. A da itatuwan da ke gona na hukuma ne, mai gona na iya shan tara in ya sare reshe, don haka kowa yana tumɓuke tsiro tun yana ƙarami kada ya jawo masa jami'in daji. An kashe kuɗi mai yawa a dashen itatuwa, yawancinsu suka mutu. Daga 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara nuna wa manoma su bar kututturan da ke tohowa a gonakinsu, su zaɓi rassa masu ƙarfi su aske sauran. Abin ya bazu sosai ne bayan da hannun hukuma ya sassauta, mutane suka tabbata cewa itacen da suka raina nasu ne, dokar daji ta 2004 ta ƙara ƙarfafa hakan. Masu nazarin hotunan sama sun ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, gawo da sauransu, kusan duk aikin manoma ne da hannunsu.

Akwai abubuwa biyu da Norman bai tarar ba, kuma dole ka sa su a lissafinka. Na farko, gari yana cin gona. Hanwa da ya ɗauka a matsayin ƙauye yau unguwa ce a cikin Zariya, kuma filayen bayan ganuwa ta wajen Wusasa suna komawa fulotai. Wanda ke noma gonar aro ko ta haya, bai san ko baɗi za a yanka ta ba, ba zai kai mata takin gargajiya da amfaninsa ke ɗaukar shekaru ba. Na biyu shi ne tsaro. A sassan Giwa da Birnin Gwari da maƙwabtansu na Katsina da Zamfara, 'yan bindiga sun sa mutane sun bar gonakin nesa masu ƙarfi sun taru a na kusa da gari da suka gaji. A wasu garuruwa an hana shuka dogon amfani kusa da hanya don kada a ɓuya a ciki, wasu sai sun biya kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe. Manomin da ke cikin wannan hali zai zaɓi abin da ke nuna da wuri, marar cin jari, wanda za a kwashe a kwana ɗaya ko biyu, ko da an ba shi iri da taki kyauta.